Yadda Muka Kai Ladi Ƙasar Faransi

Tun da na dawo ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya zo rumfata a kasuwar Wudil, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Mamman Tela, wai da gaske ne kifi ka raka ƙasar Faransi?" Ran Juma'ar nan ma wani mutumin Indabo ya ce shi a garinsu an ce kada ne. To, gara in faɗa sau ɗaya tun daga farko, kowa ya huta, ni ma in koma kan kekena.

Da gaske ne. Tarwaɗa ce, sunanta Ladi. Amma ba ita kaɗai na raka ba.

Wanda ya san gidanmu ya san Inna Dije, matar Baffana Tanko masunci, Allah ya jiƙansa. Ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni, don Allah bai ba ta haihuwa ba. Asalinta ba 'yar Wudil ba ce. Daga wani ƙauye take a bayan Magarya, ƙetaren iyaka a ƙasar da Faransi ke mulki, ana ce masa Tsamiyar Kwari. Baffa ya auro ta tun yana saurayi, lokacin da yake yawon su, kuma ta fi shekara arba'in ba ta leƙa gida ba.

Ita kuwa Ladi, wata ran Lahadi ce Baffa ya dawo daga kogi da ita maƙale a gindin gora, ba ta wuce tsawon yatsa ba. Inna ta ce wannan ba ta isa miya ba, ta jefa ta a randa. Tana ba ta tsaki, tana ba ta gara, tana ba ta guntun tuwo. Ba wanda ya tuna cewa abin nan girma zai yi. Aka sake mata randa sau biyu, har aka kai ga wadda ta fi kowace girma a kasuwa. Shekara shida ke nan. Bara da na ɗora mata tsumman awo, ta kusa kamu biyu, jikinta kuma ya fara lanƙwashewa kamar lauje, don ba ta da inda za ta miƙe.

Da Baffa ya rasu, Inna ta fita takaba, sai ga saƙo daga ƙanenta, Kawu Isuhu, wai ta dawo gida ta ƙarasa kwananta cikin danginta. Ni ban so ba. Na ce, "Inna, me muka yi miki?"

Ta ce, "Ba ku yi mini kome ba, Mamman. Amma duk inda na juya a gidan nan, shi nake gani. Kuma a garinmu akwai tafki wanda ba ya ƙafewa. Can zan kai Ladi."

Na ce, "Ga kogi a bayan gida, mu sake ta mana."

Ta dube ni. Ta ce, "Ni matar masunci ce, na san mutanen garin nan. Kifin da ya saba cin abinci a hannun mutum? Kafin la'asar tana cikin miyar wani."

Na sami gangar man fetur, maƙeri ya raba ta biyu, muka ƙone cikinta muka wanke har ƙaurin ya fita. Muka rufe bakin da tsohuwar komar Baffa. Da ruwa ya ɗauke, hanyoyi suka buɗe, muka hau motar gyaɗa zuwa Kano.

Zangon farko bai yi wuya ba, sai dai kallo. A Kano muka sauka Fagge, gidan Alhaji Sule mai goro, abokin Baffa. Aka yi gaisuwa, aka yi ta'aziyya, aka shigar da kayanmu cikin gida. Inna ta kwanta ta ɗan miƙe baya, ni da Alhaji muka tafi sallar azahar. Da muka dawo, tun daga zaure na ji muryar Inna. Na shiga da gudu. Ga mai ɗakin Alhaji, Yalwa, tsaye da wuƙa, an riga an niƙa attarugu, ga Inna ta rungume ganga.

Yalwa tana cewa, "Wallahi ni na zaci tsaraba ce! Mutanen Wudil sun zo da kifi mai rai, me zan zata?"

Alhaji ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Ranar miyar attarugu muka sha da tuwon shinkafa, ba kifi ba nama, kuma ban taɓa shan miya mai yaji irinta ba. Ina jin Yalwa haushinta ta juye a ciki. Amma kafin mu tashi ta huce. Ita ce ma ta hana ni sake wa Ladi ruwa da na famfo. Ta ce, "Wannan ruwan Turawa suna zuba masa magani, ka sansana ka ji." Ta nuna mini rijiyar maƙwabta.

Washegari da hantsi muka sami motar da za ta bi ta Dambatta da Ɓaɓura zuwa Magarya. Direban, wani Malam Garba, ya ce shi ya ɗauki tumaki, ya ɗauki jimina ma sau ɗaya, amma kifi mai suna bai taɓa ba. Aka ɗaure gangar a kusurwa. Kusa da mu akwai wata mata mai daddawa, da wani mai kai gishiri, da wani Buzu dogo wanda ya naɗe fuskarsa, idanu kaɗai ake gani. Tun daga Kano har Dambatta bai ce uffan ba.

Kun san hanyar nan. Duk ramin da mota ta faɗa, sai ruwa ya fantsamo. Mai gishiri ya fara ƙunƙuni, daga nan ya fito fili ya ce za mu narkar masa da kaya. Na cire babbar rigata na lulluɓe buhunansa, na zauna da 'yar shara. Mai daddawa ta ce masa, "Kai ma ka yi haƙuri, tsohuwa ce." Ya juya mana baya.

Mun wuce Dambatta da nisa, rana ta take, sai na ji danshi a ƙarƙashina. Na duba. Gindin ganga ya tsage saboda jijjiga, ruwa yana tsiyaya. Na buga wa direba jikin mota ya tsaya. Kafin nan bayan Ladi ya fito fili, tana ta buɗe baki tana rufewa, ƙarfen gangar kuma ya yi zafi, hannu ba ya taɓuwa. Babu gari kusa, babu rijiya. Inna ba ta yi kuka ba. Ta dai cire mayafinta ta jiƙa da sauran ruwan ta rufa wa kifin, tana cewa, "Ladi, yi haƙuri, mun kusa."

Malam Garba ya sauko ya leƙa. Ya ce, "Wannan ai ciwon tankin mota ne." Ya ɗauko sabulun salo, ya murje shi da tsumma, ya cusa a tsagar, ya danne da babban yatsa. Ta toshe. Saura ruwa. Na juye butata, mai daddawa ta juye gorarta, duka bai rufe gindin ganga ba. Sai Buzun nan ya miƙe, ya kwance salkarsa, ya zo ya zazzage ta kaf. Na ce, "Malam, kai fa me za ka sha?" Ya ce da wata irin Hausa, "Ni na saba. Ita ba ta saba ba." Maganarsa ke nan a duk tafiyar. Mai gishiri ya ga haka, ya miƙo tasa butar ba tare da ya juyo ba.

A Ɓaɓura muka kwana, a rumfar wani mai sayar da fura. Na cika wa Buzu salkarsa da hannuna tun kafin in sake wa Ladi ruwa.

Da safe muka isa iyaka. Ni da na zaci zan ga ganuwa ko kogi. Ba kome sai itace da aka gicciye a hanya, da 'yar bukka, da tuta. Gero iri ɗaya a wannan gefe da wancan. Wani gardi, wato ɗan sandan Faransi, mai jar hula da gajeren wando ya hau mota yana duba takardu. Bahaushe ne kamarmu, amma in ya ga dama sai ya juya harshe ya yi Faransanci. Ya karɓi takardata, ya ce da Inna, "Tsohuwa, ku nawa ne?"

Ta ce, "Mu uku. Ni da ɗana da Ladi."

Ya duba takarda, ya ga mutum biyu. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ina Ladin?"

Ta ce, "Tana cikin ganga."

Ya yi tsalle ya sauka yana kiran babbansu, wai an ɓoye yarinya a ganga. Aka sauke mu duka. Babban ya fito, wani mai tumbi da gashin baki, ya sa aka ɗaga koma. Ladi ta ɗago kai ta watsa masa ruwa a kaki. Ni dai na ce yau mun kwana a gidan kaso. Sai mutumin ya fashe da dariya. Ya tambayi Inna labari, ta ba shi tun daga ranar Lahadin nan. Da ta ambaci Tsamiyar Kwari ya ce kakarsa 'yar wajen ce. Ya ɗauki alƙalami ya yi rubutu a takardata, ya buga hatimi. Har yanzu tana nan a akwatina, wanda ya iya Faransanci ya zo ya karanta mana. An ce mini ya rubuta cewa Ladi ma ta wuce da izini.

Abin da ya fara ba ni tsoro a ƙasarsu shi ne, muna ƙetare itacen nan Malam Garba ya bar hannun hagu ya koma dama. Na ce ko barci yake yi? Aka ce a'a, haka Faransi suke tuƙi. A Magarya na ga burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi. Hausarsu kuwa, mu ce lafiya su ce lahiya, mu ce fura su ce hura. Furar tasu ta fi tamu ruwa, kuma ba su da ƙa'idar lokaci, safe da rana da yamma ita ce. Na tambayi wani tela a kasuwa kamu nawa yake yanka riga, ya ce su da mitir suke awo. Muka yi ta gwada tsummanmu, kowa yana ganin na ɗan'uwansa ne ba daidai ba.

Nan Kawu Isuhu ya tarye mu da jakai biyu. Siriri ne, mai furfura, idonsa irin na Inna sak. Suka tsaya suna kallon juna, kowa yana neman yaron da ya sani a fuskar tsoho. Sai ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Ta dafa kansa.

Jaki ba ya ɗaukar ganga da ruwa. Muka naɗe Ladi a jiƙaƙƙen buhu da ɗanyar ciyawa, muka sa ta a mangala, gangar kuma aka ɗora wa ɗaya jakin. Ina tafe ina yayyafa mata ruwa. Inna tana gaba, sai labarin tafki take yi mini, wai faɗinsa mutum ba ya jin kiran wanda ke ɗaya gaɓar.

Da muka isa, ko gida ba ta shiga ba, ta ce a kai ta tafki. Kawu ya yi ta kame-kame, amma ta nace. Muka je. Rairayi ya cinye shi. Abin da ya rage bai fi filin sussuka ba, ruwan iya gwiwa, shanu sun dama shi. Kawu ya ce, "Yaya, da bazara ƙafewa yake yi yanzu. Kafin nan kuma gari kan fito a kame abin da ke ciki."

Inna ta juya. Muka koma gida, ta tarar an rushe ɗakin mahaifiyarta an yi rumbu a wurin. Ta tambayi wance, aka ce ta rasu. Ta tambayi wane, aka ce ya rasu. Matan gida suna ta yi mata hidima, amma ba wadda ta san ta. Aka kawo tuwon gero da miyar kuka, ba ta taɓa ba. Muka mai da Ladi ganga. Da la'asar ta kira ni gefe ta ce, "Mamman, na yi kuskure. Ka huta kwana biyu ka mai da mu Wudil."

In faɗa muku gaskiya, raina ya yi daɗi da farko, don abin da nake so ke nan. Amma da na dubi fuskarta sai daɗin ya gushe. Ba Wudil take so ba. Ta dai rasa inda za ta sa kanta ne. Ita kuma Ladi, ban ga alamar za ta sake jure wannan hanya ba.

Washegari na bi Kawu lambunsa a cikin kwari. A nan na ga abin mamaki. Mu a Wudil in ba bakin kogi ba, sai an haƙa ƙasa gaba da yawa kafin a tadda ruwa. Su kuwa rami kaɗan suke yi, iya ƙugu, ruwa ya tsattsafo, su ɗiba da ƙwarya su shayar da rake da albasa. Na ce, "Kawu, wannan ruwan yana ƙafewa?" Ya ce ko a shekarar fari bai taɓa ba. Na ce, "To, a ba Ladi wuri mana."

Ya ce ba laifi. Ya ɗauki galma ya yi rami a gefen shinge, kamu uku, ya aika a kira Inna. Ta zo ta leƙa. Ta ce, "Isuhu, wannan ai randa ce ka haƙa a ƙasa."

Ya ce, "Yaya, in na ƙara sai na sare rake. Saboda kifi?"

Ana cikin haka sai wata tsohuwa ta fito daga lambun maƙwabta da ƙwarya a hannu, ta ƙura wa Inna ido. Ta ce, "Wannan masifar na san ta. Dije ce ta gidan Maigari?" Inna ta juya. Ta ce, "Gambo?" Ƙwarya ta faɗi. Ashe ƙawarta ce, tare aka yi musu kitson farko. Suka rungume juna suna kuka suna dariya, har da zagin wasa. Da Gambo ta ji abin da ake gardama a kai, ta juya kan Kawu. Ta ce, "Kai Isuhu, ba kunya? Matar nan ta goya ka a baya har wannan kwarin. Kunya nawa ta rake za ka sare? Ni na ba da kunya biyu daga nawa gefen, a cire shingen."

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "A cire."

Ni aka ba awo. Kawu ya ce a yi tsawon Ladi sau uku. Na ce a'a. Ni tela ne, in aka kawo mini ɗinkin yaro ba na yanka daidai jikinsa na yau, sai na bar masa wurin girma. Kuskuren da muka yi a gida ke nan, kullum muna sayen randa daidai ita. Na auna taku goma sha biyu a tsaye, bakwai a kwance. Mijin Gambo, tsohon mahaƙin rijiya, ya ce a zurfafa gefe ɗaya ya kai ƙirji, don ta sami wurin fakewa in rana ta yi zafi, a bar ɗaya gefen ba zurfi inda Inna za ta riƙa tsayawa. Ya ce kuma a kewaye da ƙaya, don tarwaɗa takan fito yawo in ƙasa ta jiƙe.

Aka yi gayya. Ban san ko don Inna suka fito ba ko don su ga kifin da ya zo da takarda, amma sun fito. Kwana biyu ana haƙa. Mata suna kawo fura, Inna da Gambo suna zaune a gindin dabino suna ba da umarnin da ba wanda ya tambaye su. Na lura a rana ta biyu Inna ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Muka bar ruwa ya kwanta kwana biyu, ya yi garau.

Ranar da za a saki Ladi, ni da Kawu muka kinkimo ganga muka karkata a hankali. Ladi ta sulale ta shiga. Jama'a sun zagaye, kowa yana jira ya ga ta ruga. Ba ta ruga ba. Ta tsaya nan inda ta faɗa, tana kewaya wuri ɗaya, daidai faɗin randa, ga ruwa fili a gabanta. Mutane suka gaji suka watse. Rana ta biyu ma haka. Na ce a raina ko mun makara ne.

A rana ta uku da hantsi, Inna ta tafi can ɗaya ƙarshen, wajen mai zurfi, ta tsuguna. Ta kaɗa ruwa da yatsu kamar yadda take yi a gida, ta ce, "Ladi, taho." Ladi ta yi kewaye ɗaya, ta yi biyu. Sai ta bar kewayen, ta miƙo. Tafiyar a karkace take, don bayan bai saki ba, amma ta ratsa taku goma sha biyun nan har hannun Inna. Ta karɓi tuwo, ta juya, ta koma da kanta. Gambo ta rangaɗa guɗa. Mijinta ya ce lanƙwasar ba lalle ta tafi duka ba, amma ba za ta ƙaru ba, kuma mu zuba ido mu ga girman da za ta yi nan da baɗi.

Na ƙara kwana uku. Ban tambayi Inna zancen komawa ba, ita ma ba ta tayar ba. Ran da zan taho ta raka ni har bakin kwari. Ta yi mini addu'a mai tsawo, ta ba ni saƙon gaisuwa gida gida, har da Yalwa ta Fagge. Ba ta yi hawaye ba. Ni ne da na hau jaki na kasa riƙewa. Kawu ya yi kamar bai gani ba, ya miƙo mini karan rake ya ce in sha, hanya da nisa.

Mun ɗan taɓa tafiya sai na ji ta ƙwala mini kira. Na juya. Tana tsaye da hannu a ƙugu, ta ce, "Mamman! In an yi girbi baɗi ka zo mini da matarka da yara. Kada ka bar kowa. Akwai wuri."

To, jama'a, abin da ya faru ke nan, ba kada ba ne. Wanda ke da ɗinki ya kawo tun yanzu, don in Allah ya kai mu kaka, rumfar nan a rufe za ku same ta.